Kashe jijiyar haƙori: asalin aikin, da mutanen da suka bar sunayensu a farantin likita

Shin gaskiya ne wanda aka kashe wa jijiyar haƙori yana yawo da gawa a bakinsa, wadda wata rana za ta jawo masa ciwon daji ko ciwon zuciya? Tambayar kan dawo duk lokacin da wani tsohon saƙo ya sake zagaya WhatsApp da Facebook, yana cewa kashi 97 cikin ɗari na waɗanda ciwon daji ya ci ƙarfinsu an taɓa yi musu wannan aiki. Saƙon kan zo da sunan wani likita, Weston Price, da hoton haƙori baƙi ƙirin. Wanda haƙori ya hana shi barci, likita kuma ya ce masa ko a cire ko a kashe jijiya, in ya karanta wannan sai gabansa ya faɗi, ya ce a cire kawai kowa ya huta.

Ni ma na hau kujerar nan. Baki a wangame, an shimfiɗa mini wata 'yar koriyar roba an huda ta, haƙorin kaɗai ya leƙo, ba abin da nake iyawa sai saurare. Likitar tana ce wa mai taimaka mata, "Miƙo K sha biyar." Can an jima, "Ba ni Gates." Daga baya kuma, "Hedström." Sai ka ce malama ce ke kiran sunayen 'yan aji. Da aka gama na tambaye ta, ta ce ai mutane ne, sun mutu sun bar sunayensu a jikin kayan aiki. Price ɗin da ake tsorata mu da shi ma tsaransu ne. An gwada nasu aikin ya zauna, an gwada nasa ya rushe, amma sunansa ya fi nasu yawo a wayoyinmu.

Wace jijiya ake kashewa?

Farin da ake gani a haƙori ɓawo ne, kuma babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum, har ƙashi. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya-rawaya, cike da ramukan da ido ba ya gani. Can tsakiya kuma ɗaki ne mai ɗauke da tsoka mai laushi, kamar ɓargo a cikin ƙashi, kuma a nan jijiyoyin jini da masu kai saƙon zafi suke. Daga ɗakin wasu siraran hanyoyi ke gangarawa ta cikin saiwa har ƙarshenta, su haɗu da ƙashin muƙamuƙi. Haƙoran gaba galibi hanya ɗaya gare su, turame kuwa kan kai uku ko huɗu.

In kogo ya ci har ya kai ɗakin, sai ƙwayoyin cuta su shiga, ɓargon ya kumbura. To ina zai kumbura ya je, ko'ina bango ne? Shi ya sa ciwon ke bugawa kamar ana kiɗa a cikin kai, ya fi tsanani da dare in an kwanta. Bayan 'yan kwanaki ɓargon ya mutu, ciwon ya lafa, mai shi ya ce maganin da ya sha ya yi aiki. Alhali ruɓar ce ta gangara, tana tara mugunya a gindin saiwa.

Don haka kalmar "kashe jijiya" tana ɗan ɓatar da mutane. Sau da yawa jijiyar ta riga ta mutu, ko tana kan gargara. Aikin likita shi ne ya buɗe ɗakin, ya kwashe abin da ya ruɓe, ya kankare hanyoyin ya wanke su, sannan ya toshe su gam yadda ƙwayar cuta ba za ta sami mazauni ba. Batun gawa kuwa bai taso ba, domin saiwar tana nan manne da ƙashi ta wani siririn tantani mai rai, da jininsa da jijiyoyinsa. In ka tauna tsakuwa a shinkafa da wannan haƙori za ka ji sarai. Sanyin ƙanƙara da zafin shayi ne kawai ba zai ƙara ji ba.

Tsutsa, wuta da guba

Maganar "tsutsar haƙori" ba mu muka fara ta ba. Tana rubuce a allunan yumɓu na mutanen Babila, ta kuma daɗe a Turai har ƙarni na 18. Magabata ba su san ƙwayoyin cuta ba, amma sun gane a cikin haƙorin ciwon yake, sai suka nufe shi da wuta. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Kurɗuba ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana a littafinsa At-Tasrif yadda ake zura ƙarfe mai zafi ta cikin bututu, don ya taɓa haƙorin ba tare da ya ƙona leɓe da dasashi ba. Lalas ke nan, amma na cikin baki. A 1728 Pierre Fauchard na Faransa ya fitar da littafin da Turawa ke ɗauka mafarin likitancin haƙori na zamani. Ya yi watsi da zancen tsutsa, ya kuma yi bayanin huda haƙori don mugunya ta sami mafita, wato dai sakiya irin wadda wanzami ke yi wa ƙurji.

A 1836 wani likita a New York, Shearjashub Spooner, ya kawo gubar asanik. A ɗiba ɗan mitsitsi a sa a kogon, a rufe, kwana ɗaya ko biyu jijiyar ta mutu. A zamanin da babu allurar kashe zafi wannan rahama ce babba. Sai dai in gubar ta tsiyayo, takan ci dasashi har da ƙashi, kuma duk da haka an fi shekara ɗari ana amfani da ita a wurare da dama. Shekara biyu bayan Spooner, Edward Maynard na birnin Washington ya goge siririn ƙarfen cikin agogo ya mai da shi tsinken zaƙulo jijiya. Mutumin nan, abin mamaki, an fi saninsa a tarihi da ƙera bindiga.

Robar da aka shimfiɗa mini ta Sanford Barnum ce, wanda ya ƙirƙiro ta a New York a 1864, don hana miyau shiga wurin aiki da hana kayan aiki faɗawa maƙogwaro. A 1867 kuma G. A. Bowman ya cike hanyar saiwa da guta-faca, wani danƙon bishiya daga yankin Malesiya. Shi ne danƙon da aka riƙa naɗe wayoyin tangarahu na ƙarƙashin teku da shi. Har yau, bayan fiye da shekara 150, shi ake cusawa.

Abu biyu suka rage: kashe zafi da ganin cikin ƙashi. A 1884 Carl Koller ya nuna a Biyana, babban birnin Ostiriya, cewa koken, wato hodar iblis, tana kashe zafi a inda aka sa ta. A 1905 aka sami Novocain da ya gaje ta, sannan a 1943 aka haɗa lidoken a Suwidin, wanda shi ne cikin yawancin alluran da ake yi a dasashi yanzu. Hoton ƙashi kuwa Röntgen ya gano shi a ƙarshen 1895. Makonni kaɗan bayan haka Otto Walkhoff na Jamus ya sa aka ɗauki hoton haƙoransa, ya yi minti 25 hasken na dukansa. Edmund Kells na New Orleans ya fi kowa biyan farashi. Da hannunsa yake gwada ƙarfin hasken, shekara da shekaru, har ciwon daji ya kama yatsunsa. Aka yi ta yanka, daga yatsu zuwa tafi zuwa hannun gaba ɗaya, kuma a 1928 ya kashe kansa.

Sunayen da ke kan faranti

Babban makamin aikin wani ɗan magagari ne, siriri kamar allura, mai ƙaramar ƙota ta roba. Wanda ake kira K ya samo harafinsa daga kamfanin Kerr, wanda wasu 'yan'uwa biyu suka kafa a Detroit a 1891. Murɗaɗɗiyar waya ce, ana ɗan juya ta a jawo. H kuma na Hedström ne, likitan haƙori ɗan Suwidin. Nasa magagarin kaifinsa a jawowa yake, yana ci sosai, amma in aka murɗa shi a cikin saiwa sai ya karye. Gates da Glidden mutum biyu ne da suka haɗu a kan abu ɗaya, wani mahudi mai dogon wuya da ɗan kai kamar harshen wuta, na faɗaɗa bakin hanya. Dabarar da ta fi burge ni a jikinsa ita ce an sa rauninsa can sama, ta yadda in zai karye ya karye inda likita zai iya kamawa ya zare. Akwai kuma Lentulo, wata waya mai naɗi da Henri Lentulo ya fito da ita a Faransa a 1928, wadda ke tura kwaɓin magani ƙasa in tana juyawa.

Lambar da likitar ta kira, sha biyar, ita ma tana da mai ita. Kafin ƙarshen shekarun 1950 kowane kamfani da nasa awon, lamba uku ta wannan ba ta yi daidai da lamba uku ta wancan ba. John Ingle na Amurka ne ya dage sai an daidaita. Yau 15 na nufin kaurin tsinin kashi 15 cikin ɗari na milimita ɗaya, kuma ƙotarsa fara ce a ko'ina a duniya. Lamba 20 rawaya, 25 ja, 30 shuɗi, 35 kore, 40 baƙi.

Ruwan wankin hanyar ma da sunan mutum aka fara saninsa: ruwan Dakin. Henry Dakin masanin haɗa sinadarai ne ɗan Ingila, wanda a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya tsarma sinadarin bilic don wanke raunukan sojoji a Faransa. Shi ne dai sinadarin da ke cikin Hypo na wanki, shi ya sa wani lokaci majiyyaci kan ji warinsa. Yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma narkar da ragowar ruɓaɓɓiyar tsoka. Amma likita kan auna ƙarfinsa, ya kuma killace baki da roba kafin ya taɓa shi. Wanda ya ɗiga na wanki a kogon haƙorinsa ƙonewa kawai zai saya.

Sai Louis Grossman na Filadelfiya, wanda littafinsa na 1940 ya zama abin karatun duk mai koyon wannan fanni. Kwaɓin da ke liƙe guta-faca da bangon saiwa har yau ana kiran wani nau'insa da sunansa, kuma ruwan kwaɓin man kanumfari ne. Ƙamshin nan da ke tarar mutum a ƙofar ɗakin likitan haƙori, nasa ne. Tsohuwar da ke cewa a danna kanumfari a kogo ba ta yi ƙarya ba, yana lafar da zafi na ɗan lokaci, ruɓar ce dai ba ya fitarwa. Shi kansa sinadarin, yujinol, daga tsohon sunan bishiyar ya fito, ita kuma an raɗa mata sunan Yarima Eugene na Savoy, wani janar na yaƙi da bai taɓa gyara haƙorin kowa ba.

Har cikin naman akwai sunaye. Oscar Hertwig ya bayyana a 1874 wani zanen ƙwayoyin halitta da ke tsara siffar saiwa tun tana tsira, kuma a jikin dangin kwaɗi ya gan shi. In saiwa ta gama girma zanen kan wargaje ya bar ɓurɓushi, wanda ake kira da sunan Malassez na Faransa. Ɓurɓushin nan kan yi shekaru yana barci, sai ruɓa ta daɗe a gindin saiwa ta tashe shi, ya zama jakar ruwa mai cin ƙashi a hankali.

Shekarun da aka yi ana fige haƙora

A 1910 wani likita ɗan Birtaniya, William Hunter, ya yi lacca a Jami'ar McGill da ke Kanada. Ya caccaki likitocin haƙorin da ke ɗora hular zinariya a kan ruɓaɓɓun haƙora, ya kira aikin kabarin zinariya a kan tarin ruɓa. Kuma yana da gaskiya, aikin wancan lokaci da ƙazanta yake. Amma maganarsa ta faɗa kunnen masu wani ra'ayi da ke tasowa, irin su Frank Billings da Edward Rosenow, cewa ƙwayoyin cuta kan ɓuya a haƙori ko a maƙogwaro su riƙa aika ciwo ga gaɓoɓi, zuciya da ƙoda.

Nan Weston Price ya shigo. Ya riƙa cire wa marasa lafiya haƙoran da aka kashe wa jijiya yana cusa su ƙarƙashin fatar zomaye, zomayen su kamu da ciwo su mutu, ya ce ga hujja. A 1923 ya buga sakamakon a manyan littattafai biyu. Aka shiga cire haƙora ba ji ba gani, masu ciwo da lafiyayyu. Mai ciwon gaɓɓai ya je asibiti ya dawo ba haƙori ko ɗaya. Henry Cotton, shugaban asibitin masu taɓin hankali na Trenton a jihar New Jersey, ya yi ta fige haƙoran majiyyatansa da sunan maganin hauka, har na 'ya'yansa bai bari ba.

Da wasu suka sake gwajin, sai lissafin ya ƙi fita. Price yana ɗura wa ƙaramar dabba ƙwayoyin cuta masu yawan da babu zomon da zai tsira. Ba ya kuma kwatantawa yadda ya kamata da zomayen da aka cusa wa wani abin daban. A 1936 Fish da MacLean suka nuna cewa girgiza haƙori lokacin cirewa ita kanta tana tura ƙwayoyin cutar dasashi zuwa saiwa, wato hujjar tana gurɓacewa tun kafin ta bar baki. A 1938 Cecil da Angevine suka bi masu ciwon gaɓɓai 200, suka ga cire haƙora da makamantansa bai warkar da su ba. Kafin farkon shekarun 1950 likitoci sun ajiye ra'ayin. Wani littafi ne ya tono shi a 1993, sannan wani fim da Netflix ta ɗora, ta kuma sauke a 2019 bayan ƙungiyoyin likitocin haƙori sun yi ƙorafi. Daga can saƙon ya gangaro har wayoyinmu. Adadin 97 ɗin kuwa ba shi da wani bincike da aka buga aka tantance da ke bayansa.

Gwajin da ya raba gardama da ɓeraye aka yi shi. A 1965 Kakehashi, Stanley da Fitzgerald suka huda haƙoran ɓeraye kashi biyu, suka bar ɓargon a buɗe. Na gida da ke da ƙwayoyin cuta a baki, haƙoransu suka ruɓe suka yi mugunya. Waɗanda aka raina a killace ba ƙwayar cuta ko ɗaya, ramin ya warke da kansa. Aka tabbatar ƙwayar cuta ce matsalar, kuma in an fitar da ita an toshe mata hanya, ƙashi kan warke.

A bar sunayen ko a share?

Likitoci sun rabu a kan wannan. Masu son a bari suna cewa sunan gajere ne, kowa ya san shi, kuma hakkin wanda ya sha wahala ne a tuna da shi. Masu son a share suna cewa sunan mutum ba ya gaya wa ɗalibi komai game da abin, kuma sau da yawa ba mai shi ake ba wa ba. Tun shekarun 1820 Labarraque na Faransa ke wanke rauni da ruwan bilic, amma Dakin ake kira. Az-Zahrawi ya zana kayan kankare haƙori ƙarnuka kafin Fauchard, ba ko ɗaya da ke amsa sunansa a faranti. Wani masanin ƙididdiga, Stephen Stigler, ya ce a 1980 babu wani binciken kimiyya da ke ɗauke da sunan ainihin wanda ya fara gano shi, ya kuma ƙara da cewa ita kanta wannan magana wani ne ya riga shi. Akwai kuma sunan da kan zama abin kunya. A 2011 aka sauya sunan wata cutar jijiyoyin jini da ake kira da Wegener, saboda alaƙar mutumin da 'yan Nazi.

Zamani ma ya fara yanke hukunci da kansa. Magagaran yanzu masu lanƙwasa, da ke bin karkatacciyar saiwa ba su karye ba, na wani gamin ƙarfe ne da ake kira Nitinol, sunan da aka harhaɗa daga nikel, titaniyom da ɗakin binciken sojan ruwan Amurka. A 1988 aka fara gwada su a haƙori. Simintin toshe saiwa da Mahmoud Torabinejad ya fito da shi a Jami'ar Loma Linda a farkon shekarun 1990, wanda ɗan'uwan simintin gini ne da aka tace, haruffa uku kawai ake kiransa, MTA.

A ganina a bar wa kayan aiki sunayensu, ba su cutar da kowa. Inda nake da ja shi ne a ɗauki suna a mai da shi hujja. Angelo Sargenti na Suwizalan ma sunansa na kan wani kwaɓi da ya yi tashe tun shekarun 1950, mai ɗauke da sinadarin dangin wanda ake adana gawa da shi, kuma ƙwararrun fannin sun daɗe da hana amfani da shi saboda yana ƙona jijiya da ƙashi in ya wuce saiwa.

To a cire ko a gyara?

Cirewa ta fi araha, zama ɗaya ne, kuma wani lokaci ita ce daidai: in saiwa ta tsage, ko abin da ya rage na haƙorin bai isa a ɗora komai a kai ba, ko ƙashin da ke riƙe da shi ya zaizaye. Wanda aljihunsa bai kai ba ya cire, bai yi laifi ba, ya fi zama da ruɓa. Sai dai giɓi ba ya zama shiru. Maƙwabtan kan kwanto cikinsa, na sama ya zazzago, ƙashin wurin ya motse, kuma cike giɓin daga baya ya fi gyaran tsada.

Gyaran ma yakan ci tura. Frank Vertucci ya duba haƙora 2,400 a 1984 ya kasa hanyoyin saiwa gida takwas, wasu su rabu su sake haɗewa, wasu su ɓuya. In likita ya tsallake hanya ɗaya, ciwo zai dawo. Amma wani bincike da aka buga a Amurka a 2004, wanda ya bi haƙora fiye da miliyan 1.4 da aka yi wa aikin, ya sami kashi 97 cikin ɗari suna nan a baki bayan shekara takwas. Cikin 'yan kaɗan da aka cire, kashi 85 ba a sa musu hula ba. Nan mutanenmu suka fi faɗawa: ciwo ya tafi bayan zaman farko, sai a ƙi komawa, a bar cikon wucin gadi ya faɗi, haƙorin ya dare a kan ƙashin nama ko aya.

Kafso ɗin kemis kuwa ba ya kai wa ga ɗakin da jini ya daina shiga. Zai kwantar da kumburi na ɗan lokaci, mazaunin cutar na nan. Hatsarin da ya kamata a ji tsoro shi ma yana da sunan mutum, Wilhelm von Ludwig, likitan Jamus da ya bayyana shi a 1836. Mugunyar turmin ƙasa ce ke fasa ƙashi ta bazu ƙarƙashin harshe. Haɓa da wuya su kumbura su yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago, miyau ya riƙa dalala, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ta gagara, murya ta sauya. Yana iya toshe numfashi cikin sa'o'i. Wanda ya ga haka a jikinsa ko a jikin ɗansa, asibiti zai nufa a daren, ba sai gari ya waye ba.